Yadda Za Ka Kafa Majalisar Makaranta Ba Tare da Ka Rasa Ɗakin Barcinka Ba

Barka da hawa kujera, sabon shugaban makaranta. Na san takardar nan ta iso teburinka, wadda ta ce dole kowace makaranta ta kafa majalisa mai haɗa malamai da iyaye da ɗalibai, a riƙa yanke shawara tare. Na kuma san tun da ka karanta ta kake neman mafita. Kwantar da hankalinka. Shekarata goma sha tara ina shugabancin makaranta, kuma ga alkawarina: in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, majalisarka za ta yi ta zama har shekara ta ƙare, ko benci ɗaya bai gusa daga inda ka ajiye shi ba.

Mataki na 1: San abin da kake karewa

Kowane shugaba yana da abin da ba ya so a taɓa masa. Nawa shi ne ɗakin karatu, wanda ke can ƙarshen baranda. Shekara shida da suka wuce aka kawo mana littattafai kwali arba'in da biyu. Na leƙa ɗakin, na ga shi kaɗai ne fankarsa ke juyawa ba ƙara, tagarsa kuma tana kallon inuwa. Na kuma san halin yara, da sun shiga za su yayyaga littattafan mutane. Saboda tausayin littattafan sai na jera kwalayen a jikin bango ban ɓare ko ɗaya ba, na shimfiɗa 'yar katifa a tsakiya, na haɗa mabuɗin da na motata. Daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu nan nake hutawa.

Nemo naka tun yanzu, ka riƙe shi a zuciya. Duk sauran matakan don shi aka yi su.

Mataki na 2: Zaɓi malami mai gyaɗa kai

A ɗakin malamai akwai wadda ke yawo da biro a hannu, in ka ce za a yi abu sai ta ce, “Yaushe?” Wannan ka ba ta kula da wasannin motsa jiki, ka sa lokacin wasan daidai da lokacin zaman majalisa. Na daɗe da gano cewa kalmar “yaushe” ita ke tsufar da shugabanni.

Wanda kake nema shi ne irin malamin lissafinmu. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya, ba ya son hayaniya, kuma yana da baiwar yin gyangyaɗi idonsa a buɗe. Ko me ka kawo, amsarsa ɗaya ce: “Na goyi baya, ranka ya daɗe.” Wata rana na ce masa ruwa zai sauko, ya ce ya goyi baya.

Mataki na 3: Kira zaɓen iyaye lokacin da iyaye ba sa nan

Dokar ta ce iyaye su zaɓi wakilansu, amma ba ta faɗi rana ba. Sa shi ranar Talata da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, lokacin da duk mai sana'a yana bakin sana'arsa.

Ni mutum bakwai suka zo mini. Aka zaɓi wani direban babbar mota da ba ya ma wurin, matarsa ce ta ɗaga masa hannu, mutumin da sai ya yi sati uku a hanya bai kwana gida ba. Ta biyun kuma tela ce, uwar wani yaro ɗan aji biyu. Kayan makaranta ta kawo wa wasu yara, ta ga kujera ta zauna ta huta, aka ce ta ci zaɓe. Da na ga ko a wurin zaɓen maɓalli take ɗinkawa a rigar mutane, sai na ce a raina wannan ba ta da lokacin kowa.

Mataki na 4: Wakilin ɗalibai, inda gwaninta take

Kada ka kuskura ka ɗauko shugaban ɗalibai, ko wani zakaran muhawara. Shiga aji biyar ka duba layin baya. Akwai yarinya a jikin taga wadda 'yan ajinsu ke kira Shiru-shiru. Shekara biyar tana makarantata, ban taɓa jin muryarta ba sai a amsa gaisuwa.

Sannan ka ƙara ɗaure ta da muƙami. Naɗa ta magatakardar majalisa, domin a dogon nazarina ban taɓa ganin mutum yana rubutu yana gardama a lokaci ɗaya ba. Na ba ta sabon littafi mai kauri da biro biyu, na ce, “'Yata, duk abin da aka faɗa ki rubuta. Kada ki bar ko kalma ɗaya.”

Ta ce, “To, Malam.”

Na koma ofis ina yaba wa kaina.

Mataki na 5: Cika zaman da abin da ba ya ciwo

Batu na farko ya zama launin fentin da za a yi wa ƙofar makaranta. Shuɗi ko kore. Mu mun ci minti hamsin a kai, har yau kuma ba a yi fentin ba. A tsakiya a shigo da shayi da biskit. “Sauran batutuwa” ka bar masa minti uku na ƙarshe, lokacin da kowa ya fara laluben takalminsa.

Duk da haka wani zai yi magana. A namu zaman telar ce, ko ɗago kai daga allurarta ba ta yi ba ta ce, “Ranka ya daɗe, yarona ya ce wai akwai littattafai a makarantar nan da ba wanda ya taɓa gani.”

Ga amsoshi uku, ka haddace su: za a duba, yana kan hanya, za mu kafa ƙaramin kwamiti. Na ba ta duka ukun, na sake maimaita mata ta farkon. Ta ciji zare ta ce, “To, a duba mana yanzu, tun da muna nan.”

In aka kai ka bango haka, gindaya sharaɗin da ba mai iya cikawa, ka faɗe shi kana dariya. Na ce, “Mama, ɗakin nan ƙurar shekara shida ce a ciki, ko kantar jera littattafai ɗaya babu. In kun samo mini mutum ashirin, kowa da tsintsiyarsa, da kafintan da zai buga kanta kyauta, ko ranar Asabar ce ni da hannuna zan miƙa mabuɗi.” Aka yi dariya, malamin lissafi ya fi kowa. Na rufe taro.

Mataki na 6: Rahoton zaman baya

Ka'ida ce kowane zama ya fara da karanta rahoton wanda ya gabata, wani ya ce ya amince, wani ya mara masa baya, shugaba ya sa hannu. Duk magatakardan da na sani layi biyu suke rubutawa: an tattauna batutuwa daban-daban, an tashi lafiya. Don haka ban taɓa ɓata lokacina wajen duba rahoto kafin zama ba.

A zama na biyu Shiru-shiru ta miƙe da littafinta. Shafi goma sha ɗaya. Ashe yarinyar tana da murya, a hankali take fita amma har bakin ƙofa ana ji.

“Shugaba ya ce za a duba. Shugaba ya ce yana kan hanya. Shugaba ya ce za mu kafa ƙaramin kwamiti. Shugaba ya kurɓi shayi. Shugaba ya sake cewa za a duba.”

Na fara gumi tun kafin ta iso wurin tsintsiya. Ta iso kuwa, ta karanta shi kalma bayan kalma, har da “ni da hannuna”.

Na ce, “'Yata, ai wannan wasa ne.”

Ta duba littafin ta ce, “Malam, dariyar ma na rubuta. Ga ta nan a ƙasa.”

Telar ta ce, “Haba, ranka ya daɗe, babba kamarka ai ba ya wasa a majalisa.”

Shirun da ya biyo baya ne ya farkar da malamin lissafi. Ya zabura ya ce, “Na goyi baya, ranka ya daɗe.” Direban nan kuma, da ranar ce farkon zuwansa don motarsa tana gareji, ya ce shi ma ya mara baya, ƙanin matarsa kafinta ne, katako kuma yana da ragowa a bayan mota. Aka turo mini littafin. Hannun da ya shekara goma sha tara yana sa hannu a duk abin da aka tura masa bai jira shawarata ba.

Saboda haka ka karanta rahoto kafin zama. Wannan matakin da tsada na saye shi.

Mataki na 7: In ta ɓaci, koma ga ƙidaya

Sharaɗi ya ce ashirin. Ranar Asabar ka riga kowa zuwa, ka tsaya a bakin ƙofa, ka ƙirga tsintsiya, ba kawuna ba. Kafinta ba ya cikin lissafi, guduma ce a hannunsa.

Na ƙirga sau biyu. Goma sha tara. Daɗi ya kama ni har na ji ƙafata ta yi sauƙi. Don kada a ce na yi son kai, na kira malamin lissafi, wanda ya zo raka ni, na ce ya tabbatar wa jama'a. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya ce, “Goma sha tara ne, ranka ya daɗe.” Sai ya taka zuwa ɗakin mai gadi, ya fito da wata tsohuwar tsintsiya, ya shiga layi. Ya ce, “Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe. Shekara shida ina so in ga abin da ke cikin kwalayen nan.”

Cire mabuɗi daga zoben mabuɗan mota aiki ne mai cin farce, musamman in mutum ashirin suna kallonka. Yi shi da murmushi.

Da aka buɗe, direban ne ya fara shiga. Ya fito da katifata a ka, ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan ta mai gadi ce?” Na ce tasa ce. Mai gadi ya karɓa da hannu biyu, har yau in ya gan ni sai ya yi mini addu'a.

Mataki na 8: Kada ka tsaya a ɓare kwalaye

Ka miƙa mabuɗi, to, kama hanyar gida. Ni na tsaya, wai in sa ido. Cikin masu sharar akwai babbar 'yar telar, wadda ta gama makarantarmu shekara biyu da suka wuce, yanzu tana taya uwarta ɗinki. Ita ta yanka bakin kwalin farko da almakashinta. Ta zaro wani littafi mai hotunan sassan jikin mutum, sabo fil, ta buɗe, ta tsaya a tsakiyar ƙura tana juya shafi kamar ta manta da mu. Can ta ɗago ta ce, “Malam, tun muna nan suke?”

Na buɗe baki in ce za a duba, sai na ji ba ta dace ba. Sauran biyun ma ba su dace ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba tun da na fara aiki, na karɓi tsintsiyar wani yaro na shiga share ƙasan taga.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan amfani da ita. In katifarka ta koma ɗakin mai gadi, in wuyanka ya sage saboda barci a kujerar ofis, in ka leƙa ɗakinka na dā ka tarar da yara arba'in a zaune har ƙasa, magatakardar majalisa kuma ta tare ka a ƙofa ta ce sai ka rubuta sunanka kafin ka shiga, duk kai ka jawo wa kanka. Ba a karɓar koke, ba a sauraron kuka. In kuma wata tsohuwar ɗalibarka ta tsaya da littafi a hannu ta yi maka irin tambayar nan, kada ka turo ta wurina. Ni ma har yau ban samo amsar ba.