Zare Ruwan Siminti

"Wa alaikumus salamu wa rahmatullah… Kash! Ashirin da nawa ma nake? Ka gani ko, Maigida? Ka sake ɓatar min da ƙirga."

"Daga sallama, Amarya? To na mayar da abata."

"Ba a mayar da sallama. Shigo, amma ka kakkaɓe ƙafafun nan tukun, jiya aka goge min ɗaki."

Kaka tana zaune a kujerarta ta jikin taga, inda hasken hantsi ya fi sauka, kwarashi a hannu, bargon jariri a cinya. Wata biyar ke nan tana saƙa shi da zaren ulu ruwan madara. Zanensa gida-gida ne masu kusurwa huɗu, kowanne a tsaye bisa tsininsa, uku a jere, an zagaye su da ƙananan ƙulle-ƙulle masu tudu kamar 'ya'yan carbi. Wanda ya shigo jikanta ne na fari, mai sana'ar shimfiɗa tayil. Tun yana zanen goyo take ce masa Maigida, shi kuma da bakinsa ya buɗe ya rama da Amarya. Shekaranjiya matarsa ta haifi namiji a asibiti, yau bayan la'asar za a sallamo su. Duk ɗan da aka haifa a zuri'ar nan, cikin saƙar Kaka yake shigowa gida. Wannan kuwa shi ne tattaɓa-kunnenta na farko, ga zare ya ƙare, ga bakin bargon ba a yi ba. Shi ya sa jiya ta tsinki ɗan guntu ta ba shi, ya kai wa mai shagon zare a samo irinsa.

"Ya mai jego? Ya angona?"

"Wane angon? Ga angonki a tsaye."

"Kai? Ai tun shekaranjiya na sallame ka. An haifa min sabo fil, ba ya warin siminti."

"Sabon naki ko haƙori ɗaya ba shi da shi."

"Mun dace ke nan. Ni ma nawa saura huɗu. Kawo saƙona."

Leda biyu ya shigo da su. Ya miƙa mata ƙaramar, babbar kuma ya tura ta bayan ƙofa da dunduniya. Kaka ba ta gani sosai ba, amma ta ji ƙarar ledar. Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta zaro curin zaren ta kai shi jikin taga, ta matso da shi har kusa da hancinta.

"Maigida, me na aike ka?"

"Zare."

"Wane iri?"

"Irin wanda kika ba ni."

"Ni ruwan madara na ba ka. Wannan madarar, ɓera aka tatsa?"

"Kai, Amarya, tsufa bai yi ba. Na rantse da…"

"Rufe min baki, kar ka jawo wa kanka kaffara da rana tsaka."

"To ga shaidata." Ya laluba aljihu ya fito da guntun zaren da ta ba shi jiya. Ruwan toka ne sak, babu ko tantama. "Mai shagon ma sai da ya tambaye ni: ruwan toka ga jariri? Na ce masa ka yi haƙuri, tsohuwar ce ta fara rikicewa."

Kaka ta karɓi guntun ta murza shi tsakanin yatsu. Ta ji gari-gari. Ta hura shi, ƙura ta tashi har ta sa ta atishawa. Sai ta tsoma shi a kofin ruwan da ke gefenta, ta matse, ta shimfiɗa a tafin hannu. Ga shi nan fes, ruwan madara.

"A ina zaren nan ya kwana?"

"A aljihu."

"Aljihun wane wando?"

"Na aiki."

"Shi da wa?"

Ya sosa ƙeya. "Shi da fensir. Da 'yan ƙusoshi. Da… ɗan siminti kaɗan."

"Kaɗan! Wanda ya rina min zare shi ne kaɗan? Ka ɓata min zare, ka je ka ɓata min suna a kasuwa. Da na sani da angona na aika, shi ko kwana biyu gare shi bai taɓa ɓata saƙo ba. Maza koma ka canzo."

"Ina fitowa ya kulle shagon, ya tafi saro kaya. Sai jibi."

Kaka ta ajiye curin a cinya. Shi kuwa, tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, sai ya zare tef ɗin awonsa daga ƙugu.

"Bari ma in duba aikin da ake min faɗa a kansa." Ya ɗauke bargon daga cinyarta ya shimfiɗa a gado, ya ja tef sama, ya ja ƙasa. "Innalillahi. Amarya, sama ta fi ƙasa faɗi da yatsa uku."

"Kafaɗa ta fi ƙafa faɗi. Ko ɗan naka kwalba ne?"

"Wannan gidan kuma ya karkace kamar mai ciwon wuya. Da ni na yi wa mutum tayil haka, da guduma zai biyo ni."

"Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wa ya yi min tayil a banɗaki? Ruwa maimakon ya bi rariya sai ya biyo ni ɗaki."

"Ruwan ma sonki yake."

"To ya zo ya gaishe da iyayena. Ɗora yatsana a kan gidan da ka ce ya karkace."

Ya kama yatsanta ya ɗora. Ta bi ƙulle-ƙullen ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jan carbi. Kaka ba ta saƙa da takarda, ba ta ƙirga da lamba. Kowane layi nata ido casa'in da tara ne, kowace sukar kwarashi ido guda: gida na farko Subhanallah talatin da uku, na tsakiya Alhamdulillah, na uku Allahu Akbar, ta cike ɗari da kalmar shahada ta juya kwarashi.

"Yauwa, na gane shi. Wannan ranar da ka zo ka shanye min shayi ka ce ɗanɗanawa kake. Ina Alhamdulillah ta sha bakwai ka rafka sallama kamar mai shelar gobara."

"Wannan fa?"

"Ranar da ka zo aron tsintsiyar laushi. Har yau ba ta dawo ba."

"To ki daina amsawa mana, sai kin kai ƙarshen layi."

"A ƙi amsa sallama? Tasbihi nafila ne, amsa sallama dole. Duk karkatar da ke jikin bargon nan sawunka ce. Kai ne kake shigowa sau uku a rana kamar magani."

Ya yi dariya, ya ja yatsanta zuwa tsakiyar bargon, inda layi guda cur ya bar hanya, ƙulle-ƙullen suka watse kamar carbin da ya tsinke.

"Nan kam ba sallama ba ce. Girgizar ƙasa aka yi."

Kaka ta shafa wurin da yatsa.

"Nan ranar da ka shigo babu sallama ne."

Nan take ya tuna. Ranar cikin yana wata bakwai, jini ya ɓalle wa matarsa, likita ya kwantar da ita ya ce a yi ta addu'a. Ya shigo ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar Kaka, ya kifa kai a gwiwa har magariba.

"Ranar ban ƙirga komai ba," in ji ta. "Hannu na tafiya, baki na roƙo. Na so in warware wurin daga baya, sai na ce a'a, ba a warware abin da aka amsa."

Ya saki tef ɗin, tef ya naɗe kansa da ƙara, ƙas.

Kaka ba ta son shiru ya daɗe a ɗakinta. "Ledar bayan ƙofa fa? Kifi na ganinka, mai jar koma."

"Wace leda? Au. Kayan aiki ne."

"Kayan aiki marar nauyi, ana tura shi da dunduniya? Kawo."

Ya kawo yana jan ƙafa. "Umma ce ta ce in saya. Ta ce… wai kar a takura miki. Wai ko da naki bai kammalu ba."

Bargon kanti ne. Kaka ta shafa shi. Laushi kamar tumbin mage, sumul, babu tudu babu kwari. Wato 'yar tata ta lura. Ta ga yadda take lalubar kofi kafin ta ɗauka, ta ga yadda take kai zare bakin hanci. Yanar ido ta fara rufe mata gani tun bara, ba ta gaya wa kowa ba. Dalilin ke nan da ta zaɓi zane mai ƙulle-ƙulle a wannan karon: abin da ido ya kasa, yatsa yana karantawa. A ranta ta riga ta san da wuya ta sake saƙa wani bargon bayan wannan.

"Wa ya saƙa shi?"

"Inji."

"Injin ya yi bismillah kafin ya fara?"

"Ban tambaye shi ba."

"To madalla. Ɗauki na injin ka je ka naɗo ɗanka, ba karkata ba sawun kowa. Miƙo min nawa." Ta zare kwarashin daga idon ƙarshe, ta kama bakin zaren ta naɗa a yatsa. "In warware abina, in saƙa wa mage shimfiɗa. Ita ba ta da tef."

Ta ja. Ido uku suka zube, ɓar-ɓar-ɓar.

"Tsaya! Kaka, tsaya don Allah!"

"Au, yau ni ce Kaka? Ina Amaryar ta tafi?"

"Amarya, uwargida, duk ke ce. Saki zaren nan." Ya durƙusa ya riƙe mata hannu. "Saurara ki ji. Mu in muka tarar magini ya yi ɗaki a karkace, ba ma cewa a rushe. Da sabon gini gara yaɓe. Sai mu zagaye ɗakin da baki na wani launi daban, mu faɗaɗa shi inda ɗaki ya tsuke, mu tsuke shi inda ya buɗe. Ido sai ya bi bakin, ya manta da tsakiya."

"Ashe haka kuke cutar bayin Allah."

"Haka muke rufa wa magina asiri." Ya ɗora curin tokan a gefen bargon. "Dubi yadda ya fito da madarar. Ni da ma da gangan na sayo shi."

"Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya." Ta juya curin a hannu, ta sake juyawa. Muryarta ta yi ƙasa. "Zare mai duhu ne, Maigida. Ba na ganin idonsa."

Wannan ne karo na farko da ta faɗa da bakinta. Ya yi kamar bai ji nauyin maganar ba, ya gyara zama a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa.

"To me ye amfanin miji? Ke yatsa, ni ido. Ki soka, in gaya miki in kin tsallake. Ƙirgar ma ni zan yi."

"Ka iya tasbihi kuwa? Kai da ana sallame salla ka riga takalminka fita?"

"Gwada ni. Subhanallah ɗaya, Subhanallah biyu…"

"Ba a faɗin lambar, sakarai, buhunan siminti kake saukewa? A zuci ake riƙewa."

Haka suka yi. Shi yana warware zare yana tasbihi, ita tana soka kwarashi. In ta tsallake ido ya ce, "Koma baya, an bar wani a tasha." A ƙasan bargon ya sa ta ƙara ido, a sama ya sa ta rage. Sau biyu ya ɓata ƙirga, sau biyu ta dungure shi da gindin kwarashi. Maƙwabciya ta yi sallama daga waje, Kaka ta amsa da ƙarfinta, shi kuma ya riƙe ashirin da shida a zuci har aka gama gaisawa. Suka tashi suka yi azahar, suka koma. Ana saura kaɗan a kira la'asar ta ƙulle zaren ƙarshe, ta miƙa masa ya yanke da haƙori, tunda shi ne mai su.

Ya shimfiɗa a gado ya ja tef. Sama da ƙasa sun zo daidai. Karkatattun gidajen suna nan inda suke, layin tsakiya ma yana nan, sai dai yanzu sun zauna cikin bakin toka kamar da ma haka aka tsara.

"Yaya, injiniya? Za a biyo ni da guduma?"

Ya fashe da dariya, ya ɗaga hannu biyu. "Na sallama. Da tsohuwar zuma ake magani." Ya ninke bargon a hankali ya rungume a ƙirji, bai sa shi a leda ba. Sannan ya warware na kantin ya lulluɓa mata a gwiwa. "Wannan kuma na amarya ne. Gwiwar nan da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa."

Kaka ta shafa laushin, tana ƙoƙarin haɗe murmushi. "Ikon Allah. Shekara talatin ina zaune da kai ban ga ko ƙyalle ba, sai da na sake ka na ga bargo."

"To a mayar da ni mana."

"Ka makara. Kakkaɓe rigar nan kafin ka ɗauki angona, kar ka rina min shi ruwan toka."

Har ya kai bakin ƙofa ta kira shi.

"Maigida. In kun iso, kai ka yi shiru. Bar shi ya yi sallamar da kansa. Shi ko ya ɓatar min da ƙirga, na yafe."