Yadda Ake Zaɓen Tayar Keke Don Tafiyar da Ba Ka Yi Niyya Ba

Kai da bakinka ya riga ƙafarka tafiya, matso kusa. Duk wanda ya bi matakan nan daki-daki, ina mai tabbatar masa zai yi suna a doguwar tafiya kan keke ba tare da gumi ya jiƙa masa riga ba. An jarraba su a kan maƙwabcina, wani dattijo mai tumbi da ya yi ritaya daga aikin ofis, wanda unguwa ke kira Akawu.

Ga asalin lamarinsa. Yayan matarsa ya kawo ziyara daga garinsu mai nisa, ya ga keke jingine a baranda, ya ce, "Wannan na hawa ne, ko na shanya tawul?" Matar ta yi dariya, 'ya'ya suka taya ta. Akawu ya ce, "Yaya, wallahi a kansa zan zo har ƙofar gidanka." Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Mataki na ɗaya: Kada ka sayi taya, ka yi nazarinta.
Wanda ya sayi taya ba shi da sauran uzuri. Je rumfar mai gyaran keke, ka matsa kowace taya da babban yatsa, ka shinshina ta, ka girgiza kai. Gaggawa aikin Shaiɗan ce, musamman a harkar roba.

Mataki na biyu: Fake da girman wili.
Wili mai inci ashirin da takwas yana cin hanya, yana tsallake ƙananan ramuka. Mai ashirin da shida ya fi jure kaya da wahala. Duka biyun gaskiya ne, kuma nan arzikinka yake: yau ka goyi bayan wannan, gobe wancan. Akawu ya cinye damina guda a kan wannan muhawara, har mai gyaran ya ce masa, "Baba, saye za ka yi ko wa'azi? In wa'azi ne, tashi daga kan famfona."

Mataki na uku: Idan uwargida ta ƙure ka, ɗauki siririya.
Ranar tana zuwa. Ta Akawu ta zo yana shan shayi. Matarsa ta ce, "Malam, Yaya ya sake bugowa. Ya ce in tambaye ka, ko bishiyar da za a yi tayar da ita ce ba ta girma ba?"

A nan dole ka zaɓa. Faffaɗar taya tana shanye gargada, tana tausaya wa mazauni, amma ta masu hawa ce da gaske, kuma tana sa mutum ya yi kama da mai kai kaya kasuwa. Kai kallo kake nema. Ɗauki siririya kamar yatsa, a ɗura mata iska har ta yi tauri kamar dutse. Mai ganinta ya san gwani ya iso.

Mataki na huɗu: Tsufar da ita.
Sabuwar taya tana da wasu 'yan gashi na roba a jikinta, su ne ke tona asirin maƙaryaci. Aske su da reza. Goga tayar a kan siminti, ka shafa mata laka. Akawu ya kulle ɗaki ya yi nasa askin, matarsa na ƙwanƙwasawa tana cewa, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Gyaran fuska nake."

Mataki na biyar: Nemi motar kaya.
Yi sallama da iyali a kan keke. Da ka sha kwana, ɗora shi a bayan mota, ka zauna kusa da direba. Sauka inda rufin gidajen garin ya fara bayyana, ka yayyafa ruwa a ƙirji da hammata, ka shiga kana haki. Haka Akawu ya yi, sai ga yayan matarsa ya fito ba takalmi yana salati.

Mataki na shida: Kada ka ƙara gishiri.
A nan maƙwabcina ya kauce wa koyarwata. An ba shi ruwa, an taru ana kallon tayar, daɗi ya kwashe shi. Ya ce, "Ai ban ma gaji ba. Kwalta ta yara ce, ni ta tsohuwar hanyar tsakuwa na biyo, ta bayan duwatsu."

Idon yayan ya kawo ruwa. Ya kama hannun Akawu ya ce, "Mijin ƙanwata, na ci maka fuska a gaban 'ya'yanka, ka yafe mini. Gobe ni da kaina zan raka ka a babur har gida, ta wannan hanyar taka. Kana gaba, ina baya."

"Yaya, kada ka wahalar da kanka."

"Wahala? Kai da ka yi ta da ƙarfin ƙafa ba ka ce wahala ba, sai ni mai inji?"

Mataki na bakwai: Taka feda.
Babu sauran dabara. Ko ka faɗi gaskiya a garin surukai, ko ka hau. Akawu ya hau. Siririyar tayar ba ta ɓoye masa komai ba: kowace tsakuwa sai da ta isar masa da gaisuwarta ta cikin sirdi. In ya rage gudu, sai ya ji ham ɗin babur daga baya, da murya tana cewa, "Kada ka jira ni, gwani, yi irin gudunka na jiya!"

Sun iso rana na faɗuwa. Matar ta tarbe su, ta jawo kujera. "Sannu da hanya, Malam. Zauna mana."

"Bar shi. Tsayuwa ta fi wa jini kyau."

Yayan ya ce, "Ƙanwata, namiji kike aure. Na faɗa wa mutanen garinmu duk wata zai riƙa zuwa, har wasu sun ce za su fito tarye."

Washegari aka ga Akawu ya nufi rumfar mai gyara a ƙasa, yana tafiya ƙafa a wawware. Bai matsa komai ba, bai shinshina komai ba. Ya sunkuya ya ce a hankali, "Ɗana, faffaɗa. Wadda ta fi kowace faɗi."

Gargaɗi: Mai wannan rubutu ba shi da alhakin ciwon ƙugu, tsagewar wando, ko surukin da ya yarda da kai fiye da kima. Shawara na bayar, ban ɗora kowa a sirdi ba. Wanda abin ya ritsa da shi, ya kai ƙarar bakinsa.