Tafiyar Minti Bakwai

Wani ne a tsibirinmu, mai son a ce masa babban mutum. Budurwarsa Odessa tana tsibirin tsallake, wanda in ka tsaya a bakin ruwa kana hango shanyar mutanensa. Ta ce ya zo ranar Lahadi da zobe ya ga babanta kafin a sauke tukunyar rana. In ya makara, ita dai ta gaji da jira.

Cuthbert mai kwalekwale, wanda ya daɗe yana kai kifi kyauta gidan su Odessa, ya ce, "Zo in tsallakar da kai, ɗan'uwa. Minti arba'in ne."

Mutumin ya toshe hanci. "In je neman aure ina ƙarnin kifi? Jirgin sama zan hau. Minti bakwai!"

Tun asuba ya iso filin jirgi cikin kwat mai kauri irin ta masu zuwa Landan, yana jan akwatin da ya kai firji girma. Uwarsa na sharar hawaye, shi yana cewa, "Mama, ki yafe ni. In na sauka lafiya zan bugo."

Jirgin kujera takwas gare shi, don haka kowa sai ya hau sikeli. Madam Verna mai awo ta dubi allura, ta dube shi ta saman tabarau.

"Ɗan nan, ko kai ko akwatin. Jirgi ba zai ɗauke ku ku biyu ba."

"Madam, kin san ko ni wane ne?"

"Na sani. Kilo ɗari da goma sha biyar."

Cuthbert, da ya kawo wa Madam Verna kifi, ya yi tari. "Kawo in wuce maka da shi, ba komai."

Mutumin ya miƙa masa da yatsa biyu. Ya manta zoben na ciki.

Aka zauna jiran matuƙi, wai yana coci, shi ke buga ganga. Ya zo, aka zauna jiran a kore awaki daga titin jirgi. Aka kore su, suka dawo da 'yan'uwansu. Sai ƙarfe huɗu aka tashi.

Mutumin ya ɗaure bel, ya gyara murya. "Direba, yaushe za a kawo shayi?"

"Mun iso. Sauka."

Ya sauka yana miƙa, ya tare mai shara. "Bawan Allah, ƙarfe nawa ne a nan wajenku?"

"Daidai da na gidanku."

Ya isa gidan su Odessa gumi ya jiƙa kwat. An cinye naman akuya, sai ƙashi. Cuthbert na zaune da mai gida suna buga wasan domino, har yana ce masa "Baba". A gefe ga uwar mutumin tana suɗe faranti.

"Mama! Ya aka yi kika zo?"

"Kwalekwale mana. Tun hantsi."

Sai ga Odessa ta fito, zobe na ƙyalli a yatsarta.

"Odessa, wannan ai zobena ne!"

"Shi ya zo a kan lokaci, shi da wanda ya kawo shi."

"Amma ni ta sama na zo! Minti bakwai kacal!"

Ta juya zoben, ta hura shi, ta goge a riga.

"Ranar Asabar ne bikin. In ta sama za ka zo, ka taso tun Alhamis."