Yaƙin Sallau Mai Walda da Takardun Ɓauna

Da sunan Wanda ya halicci ƙarfe, ya kuma halicci tsatsar da ke cinsa, muke buɗe tarihin sadauki ɗan sadauki, Sallau Mai Walda na Tudun Marke, ɗan Saje Nomau direban soja, wanda ya ratsa yaƙin basasa daga farko har ƙarshe bai jefa mota a rami ba sai sau biyu, ɗan Jatau Maƙeri mai lanƙwasa ƙarfe da harara, ɗan Barmo Maharbi, wanda masu ruwaya suka ce ya taɓa korar kura da tari kawai. Sallau garwashi, mijin Hajara, dodon ƙyauren kanti, wanda in ya kunna injinsa sai fitilun unguwa duka sun rusuna!

A gidan wannan zuri'a mai albarka akwai Ɓauna, tsohuwar jif ɗin soja da Saje ya saya a gwanjo shekarar da ya ajiye kaki. Tun ranar da aka jawo ta aka kafe a ƙarƙashin rumfar kwano, shekara arba'in da ɗoriya ke nan, ba lamba, ba takarda, ba ta sake taka kwalta ba. Iyakar jihadinta a tashe ta ranar Juma'a ta yi gurnani, kaji su watse, a kashe ta. Amma duk shekara, kafin Babbar Sallah, Saje yakan shafe ta da koren fenti da hannunsa, sama da ƙasa, ciki da waje, har inda ido ba ya kaiwa, domin a ganinsa soja ba ya shiga Sallah da tsohon kaya.

To, a shekarar da muke ba da labari Saje ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni, abokan yaƙinsa kuwa a garin saura biyu, Kofur Audi da Saje Magaji. Wata safiya ya kira ɗansa ya ce, "Sallau, a Ɓauna nake so in je taron 'yan mazan jiya bana. Baɗi sai mai rabo." Maganar ta daki Sallau a ƙirji, don tun da yake, tsohon bai taɓa roƙonsa komai ba. Saura mako shida a yi taron. Nan take barden ya ɗaura ɗamara, ya yi rantsuwa ba zai zauna ba sai Ɓauna ta hau titi da halaccinta, yadda ba mai tare mahaifinsa a hanya ya sauke shi gaban jama'a.

Gwarzon farko da ya fito masa shi ne Malam Bulus, jami'in duba motoci, ma'abocin farar riga da biro uku a aljihu, wanda ba ya dariya sai ya tashi daga aiki. Ya zo har gida, ya kewaye Ɓauna sau uku, ya taka birki, ya danna oda, ya nemi a nuna masa lambar shasi, wato lambar da maƙeranta suka buga a ƙarfen gindinta. Aka duba gaba, aka duba baya. Malam Bulus ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da biro, ya ji shi da laushi kamar waina.

"Malam Sallau, lambar tana nan," in ji shi, "sai dai kun binne ta da ranta."

Nan aka soma gumurzun da masana tarihin Tudun Marke ke kira Yaƙin Kankara. Sadauki ya rufe shagonsa, ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashin Ɓauna da wuƙar yankan albasa da samfefa da gwangwanin kananzir, ya auka wa rundunar fenti sahu bayan sahu, kore bisa kore, har kwana tara, ɓawon yana zuba masa a ido da gemu, Hajara tana miƙo masa tuwo ta tsakanin tayoyi tamkar mai ciyar da ɗaurarre. Ya ci sahun shekarar da aka haifi autarsa, ya ci na shekarar da fenti ya yi tsada aka sirka da na ƙofa. A tsakiya ya iske wani sahu siriri, shafi ɗaya tak, wanda aka yi ba da zuciya ba. Ya ƙirga da yatsu, ya ga shekarar da mahaifiyarsa ta rasu ce. Ya ajiye wuƙa, ya daɗe kwance yana kallon ƙarfe, kuma ko da Hajara ta tambaya sai ya ce kananzir ne ya shiga masa ido.

A rana ta tara lambar ta bayyana, Sallau ya yi kabbara har ya buga goshi da bututun hayaƙi. Malam Bulus ya dawo ya kwafe ta, sannan ya zaro kibiyar da ya ɓoye: farar hula ba ya hawa titi da mota mai launin soja, sai an sauya. Sallau ya kwana biyu yana neman bakin da zai faɗa wa tsohon. Da ya faɗa, Saje ya ce, "Ni ma da na bar aiki ai sun karɓe kakin. Shafa mata abin da ka samu." Abin da aka samu kuwa shuɗi ne, ragowar wanda aka yi wa ƙofar wata makarantar yara.

Daga nan tawaga ta nufi sansanin inshora, inda Hajiya Lantana ke mulki a bayan kwamfuta. Ta laluba kaf ba ta ga irin Ɓauna ba. Da Sallau ya faɗi shekarar ƙira sai ta sauke tabarau ta ce, "Ai ta girmi gyatumata." Ta tambayi wanda zai riƙa tuƙawa, sadauki ya bugi ƙirji ya rubuta sunansa. Ta ja masa kunne cewa in wani marar lasin ya tuƙa, takardar ba ta da amfani sai ƙunshe ƙosai. Ya fito da ganimarsa a jakar leda, ya biya ofishin lasin ya karɓo lamba sabuwa fil ya saƙale a hammata, yana tafiya kamar wanda ya ci birni bakwai.

Ranar taro da hantsi aka buɗe ƙofar gida, Ɓauna tana sheƙi cikin shuɗinta. Saje ya fito da lambobin yabonsa a ƙirji, yana dogara sanda. Sallau ya buɗe masa gefen fasinja. Tsohon ya wuce shi, ya zagaya, ya lallaɓa ya zauna a kan sitiyari.

"Baba, nan ne wajenka."

"Ni Nomau, a kai ni gaban su Kofur Audi kamar buhun gero? Ni na tuƙa su a daji."

Lasin Saje ya mutu tun Sallau yana firamare, kuma idonsa ba ya rabe akuya da turmi a taku goma. In sadauki ya ba shi makulli, wahalar mako shida ta tashi a banza, wataƙila har da katangar wani. In ya hana, ya sauke mahaifinsa da hannunsa, abin da ya yi rantsuwa ba mai yi. Ya dubi makullin, ya dubi tsohon. Sannan ya jefa makullin a aljihu, ya ce fetur ɗin bana ba shi da kyau, ya naɗe hannun riga, ya zagaya baya ya kafa kafaɗa.

Haka Ɓauna ta hau kwalta bayan shekara arba'in, da lambarta, da inshorarta, da duk hatimin hukuma, jikan Jatau yana tura ta, yana leƙowa ta gefe yana cewa, "Dama kaɗan, Baba," Saje kuwa ya miƙe wuya yana danna oda yana amsa gaisuwa. Filin taro mil guda ne, kuma sai a ranar Sallau ya san hanyar tana da hawa.

Sun isa ana tattara kujeru. An yi jawabi, an busa ƙaho, manyan baƙi sun tafi. Ba kowa a rumfar sai tsofaffi biyu, Kofur Audi da Saje Magaji, suna jiran abin hawa. Da suka gane mai tuƙin, suka miƙe da ƙyar suka ƙame suka sara masa, shi ma ya sara, fuskarsa cike da murnar da Sallau bai ga irinta ba tun rasuwar mahaifiyarsa.

"Ku hau in sauke ku gida," in ji Saje Nomau.

Suka hau, Ɓauna ta ƙara zama a kan tayoyinta. Saje ya waiwayo wajen da yake jin haki.

"Sallau, ribas."