Wa Ya Aske Kyanwata?

Ranar da na ga gashin kyanwata ya zube a ƙeya, sumul kamar aikin wanzami, ban yi wata-wata ba. Hajiya Rabi ce, maƙwabciyar da muka yi rigima kan ruwan kwata. Duk unguwar Bukoki wa bai san abin da ake yi da gashin baƙar kyanwa ba?

Na leƙa ta katanga na ce, "Hajiya, ta Allah ba taku ba!"

Don tsaro, na mai da kyanwar gadona. Ba a jima ba gemuna ya zube gefe guda. Mai farmasi ya duba, ya tuntsire da dariya: "Makero ne, Alhaji. Kyanwa gare ka?"

Har yau in na gifta, sai Hajiya Rabi ta ce, "Alhaji, ɓoye gemu, almakashina na hannu."