Kantar Almakashi

Ba zan taɓa mantawa ba da walimar da aka yi a Kampung Baru, ranar da na tsaya a gaban mutumin da ya koya mini sana'a na ce ban san shi ba.

Ni tela ne. Gara in faɗa tun yanzu, domin na daɗe a Kuala Lumpur ina ɓoye kalmar nan kamar wata cuta. Karatuna bai wuce sakandare ba. Maiɗakina Hajara ce ta samu tallafin gwamnati ta zo digiri na uku a adabin Turanci, ni kuma na biyo ta da yara da keken ɗinkina a cikin kwali. A gidanmu na Titiwangsa keken yana ɗakin yara, an lulluɓe shi da zanin gado. Matan ɗalibai sukan kawo wa Hajara atamfa, ta auna su, ta ce akwai wani tela da ta sani. Telan kuwa yana bayan ƙofa yana sauraron awon. Idan maza suka tambaye ni abin da nake yi, sai in gyara hula in ce, "Harkar yadi muke ɗan taɓawa, shigo da kaya." (Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, yadi yana shigowa gidan.)

Ba wanda ya taɓa raina ni. Ni ne dai na duba na ga kowa Dakta ne ko mai shirin zama Dakta, sai na raina kaina tun kafin a raina ni.

Aikin Hajara a kan wani tsohon littafin Amurka ne, labarin ɗan maƙeri da ya yi kuɗi ya shiga cikin masu asali. Kullum yana sanye da farar safar hannu, saboda tabon wutar maƙera da ke yatsunsa. Su 'ya'yan gado sukan cire tasu a wurin cin abinci, shi ba ya iya cirewa. Hajara ta ce safar nan alama ce, ita ce zuciyar littafin. Takan ba ni labarin bayan sallar isha'i, ni kuma in saurara har barci ya ɗauke ni. Ban taɓa jin ƙarshensa ba, amma na haddace farkon.

To, wani ɗalibi da muke kira Nura Zariya ya kammala karatu, ya kira walima a saman wani gidan abinci. An shimfiɗa tabarmi, maza a gefe guda, mata a bayan labule. An ce mahaifinsa ya zo daga gida don bikin, kuma za a duba masa ido. Na sa farar shaddar da na ɗinka da hannuna, na hau bene ina baza turare.

Ina shiga na gan shi. Baba Ado na Fagge. Ashe Nura shi ne ɗan da ya ba ƙaninsa riƙo a Zariya tun yana ƙarami, wanda muke jin labarinsa a shago ba mu taɓa gani ba.

A shagon Baba Ado na girma. Shi ya saya mini almakashina na farko. Da mahaifina ya rasu, a kwanonsa nake cin abincin rana. Shi ya shige gaba da baffannina aka je neman auren Hajara. A shagonsa yaro ba ya miƙa masa hannu a tsaye, durƙusawa ake yi. Yanzu ga shi a zaune, ya rame, yanar ido ta rufe masa gani, yana juya kai wajen duk wanda ya yi magana.

Ƙafata ta so ta kai ni wurinsa. Zuciyata ta ce, idan ka durƙusa, me za ka ce wa Daktoci? Sai na zame na zauna can kusa da taga, na ƙudura ba zan buɗe baki ba sai don loma.

Da na iya yin shirun, da an tashi lafiya. Bayan an ci an sha, hira ta koma kan 'ya'yan manyan ƙasarmu da ake gani a Bukit Bintang suna sayayya kamar gobe za a rufe duniya. Dakta Kabiru, maƙwabcinmu, ya waiwayo ya dube ni ya ce, "Baban Ummi, ai Madam ɗinka a kan irin wannan take rubutu. Ba mu kaɗan mana."

Duk ido ya dawo kaina. Abin da na daɗe ina jira ke nan. Na manta da alkawarin da na yi wa kaina, na gyara murya.

"Ai marubucin ya gama magana," in ji ni. Na ba su labarin ɗan maƙeri da safarsa, suna gyaɗa kai. Daɗi ya kwashe ni. "Ma'anar safar ita ce, mai sana'ar hannu ko ya hau jirgi, ko ya sa shadda, hannunsa zai tona shi. Asali ba ya ɓuya. Maƙeri maƙeri ne, tela tela ne."

Wani ya ce, "Tela kam, sai daren Sallah ake sanin halinsa." Aka yi dariya. Tawa ta fi ta kowa ƙarfi.

Baba Ado ya ɗago kai.

"Nura, wa ke magana? Muryar kamar ta yarona."

Nura ya ce, "Baban Ummi ne, Baba. Ɗan kasuwa ne, mutumin Kano."

"Matso, ɗana, mu gaisa."

Na tashi na je. Na tsaya a kansa ƙiƙam, na miƙa masa hannu kamar sa'ana, na ce, "Baba, ina jin kama ce. Ban taɓa saninka ba."

Ya riƙe hannun. Babban yatsansa ya bi a hankali har ya tsaya a kan kantar da almakashi ya yi mini, wadda ba sabulun da ya iya goge ta. Ya ɗan danna ta. Sannan ya saki.

"Kama ce, Alhaji. Ka gafarce ni. Idon ya tafi, ga kunnen ma zai bi shi."

Alhaji ya ce mini. Mutumin da yake aikena sayen zare.

Ya juya wajen ɗansa ya ce, "Ina da wani yaro mai irin muryar nan. Hannunsa yana da kyau. An ce yana ƙasar waje da iyalinsa. Ina sa shi a addu'a."

Sai labule ya motsa. Hajara ta fito, ta wuce ni kamar ba ta ga kowa ba, ta durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina wuni? Hajara ce. An zo lafiya? Ya su Inna?"

Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai tabarma ba. Na ce, "Baba, ni ne. Ƙarya na yi. Ni ne yaronka, ka yafe mini."

Ya ce, "Na sani tun kana can bakin taga. Na ga kana son rufi ne, na rufa maka." Ya laluba kafaɗata, ya kai hannu wuyan rigata, ya shafa ɗinkin. "Har yanzu kana gaggawa a wuya."

Ba wanda ya yi dariya. Da aka sauko ana neman takalma, Dakta Kabiru ya dafa ni ya ce ƙasa-ƙasa, "Haba Baban Ummi, wa bai sani ba? Tun daga bakin lif ake jin ƙarar kekenka. Mun ɗauka kai ne ba ka son a yi zancen." Wato ni kaɗai nake tsaron sirrin da kowa ya sani.

A jirgin ƙasa na komawa gida Hajara ta rungume ledar abincin da aka ƙulla mana, wanda a can ake ce wa tapau, tana kallon taga. Sai da muka kusa Titiwangsa ta yi magana.

"Baban Ummi, kullum kana barci kafin in kai ƙarshe. Marubucin bai taɓa ganin laifin hannun ba. Safar yake kuka da ita. Mutumin ya cire ta a ƙarshe, amma lokacin ba sauran wanda zai riƙe hannun."

Ni Allah Ya taimake ni, nawa mai riƙewar yana raye. Ni na riƙa raka shi asibitin ido har aka sallame shi. Na fito da keken falo, na ɗinka masa riga kafin ya koma. Ya shafa wuyan, ya sa na farke na sake.

Abin da na koya bai da yawa. Idan za ka yi wa mutane lacca a kan littafi, ka daure ka ji ƙarshensa tukuna. Idan kuma za ka yi wa wani ƙarya a kan hannunka, kada ya zama wanda ya ɗora maka almakashi a kai.