Wa Ya Koma Ya Ɗauko Ka?

"Lafiya lau, ya gajiyar kasuwa? Ko da yake ban san wace kasuwar ba, don ko Kano na aike ki tun hantsi da kin je kin dawo."

Malam Sada ne ke magana, yana zaune kan buzu a gindin darbejiyar ƙofar gidansa da ke Dayi, ya miƙe ƙafarsa ta hagu wadda ba ta lanƙwasuwa, yana ɓarar masara cikin kwando. Tsohon soja ne, ya ajiye kaki ya koma gona tun kafin a haifi Bushra, jikarsa, wadda ta durƙusa a gabansa da 'yarta Yasmin a goye. Mijinta Mansur shi ma soja ne, yana can gabas inda ake fama, shi ya sa ta zo ta zauna da su har a gama girbi. Da safe ya aike ta Malumfashi ta sayo masa goro, sai ga ta bayan la'asar.

"Ka bari in gama gaisuwar mana, tsoho. Mutum ya sha rana dominka, ko sannu babu."

"Sannu da yawo. Ina goron?"

Ta miƙa masa ƙunshin. Ya kwance ganyen, ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya yamutsa fuska.

"Wannan goro ne ko tsakuwar titi?"

"Da gangan na zaɓo. Na ga 'yan haƙoran da suka rage maka sun yi maka yawa."

"Haƙoran da kike rainawa sun tauna naman gwangwani a ƙasashen da ko sunansu ba ki iya faɗa ba."

"Ai shi ya sa suka gudu suka bar ka."

"Ke, auren nan namu fa ya kusa mutuwa. Mace ta bar mijinta wuni guda baki a bushe?"

"Ni ai na daɗe da yin gaba. Na samu soja na gaske, ba mai ɓarar masara ba."

Ya yi dariya, ita ma ta yi, amma sai ya lura tata a haƙora ta tsaya. Kwallin idonta ya zubo ta goge shi da gefen mayafi, ga alamarsa nan. Wayarta na hannu tana ta jujjuya ta. Malam Sada ya san an kwana biyu Mansur bai kira ba, ya kuma san ba ta faɗa wa kowa yadda abin ke cin ta ba. Sai ya ci gaba da ɓararsa kamar bai ga komai ba.

"To faɗa mini gaskiya, wane saurayi ne ya tsare ki?"

"Kofur Mudi."

"Af! Na cikin akwati?"

Ba wanda bai san Kofur Mudi ba daga Dayi har Kafur. Sojan wani wasan kwaikwayo ne na yaƙi da ake nunawa a talabijin, wanda aka harba a ƙafa, 'yan'uwansa suka janye ba su sani ba, aka bar shi shi kaɗai a cikin kwazazzabo. Tun damina ake musu a kansa a teburin mai shayi da wajen casa.

"A shagon Maman Adesewa na bakin tasha na tarar ana maimaita na ƙarshen. Mutane cike har bakin kwalbati. Na ce bari in leƙa, sai ƙafata ta ƙi tafiya."

"An ɗauko shi?"

"An ɗauko shi. Har da jirgi mai saukar ungulu, ana kiɗa."

"Jirgi! Madalla. Na ga ɗan guntun abin a wayar yaran nan. Mutum ya yi kwanaki a rami, amma gemunsa a gyare, kakinsa kamar yanzu aka karɓo daga wajen mai guga. Wanzami ne ke bin sa cikin kwazazzabon?"

"Baƙin ciki kake don ya fi ka kyau."

"Ni a zamanina in na sa kaki 'yan mata har faɗuwa suke."

"Don tsoro."

"Za ki ga tsoro. Su 'yan kallon me suka ce?"

Bushra ta gyara goyonta, ta zauna a gefen tabarma, ta jawo masara ɗaya ta fara ɓara.

"Maman Adesewa kuka ta yi ta yi, har wani ya ce a ba shi gishiri ta auna masa sukari. Uzoma mai kayan gyaran babur kuwa cewa ya yi ogan sojojin ba shi da kai. Wai an je ceto mutum ɗaya an rasa biyu a hanya, ina ribar? Sai wata Inna mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta ta ce masa, ‘Yaro, mu ko maraƙi ne bai dawo ba, ba mai cin tuwo a ruga sai an bi sawunsa.’ Suka yi ta yi, har wasu suka daina kallon."

"Innar nan tana da miji?"

"Ta fi ƙarfinka."

"To sai wa?"

Ta ci gaba da ɓara. Ƙwayoyin masara na zuba cikin kwando ɗaya-ɗaya.

"Sai wani ɗan acaɓa, Maiwada suke ce masa. Ya ce duk wannan a talabijin ne. Ya ce in ba ɗan wani babba ba ne, wa zai koma? Ɗan talaka in ya faɗi ya faɗi ke nan, sai dai a aiko wa matarsa da jakarsa. Bai san ni ba. Maman Adesewa ta daka masa tsawa, sai kowa ya juyo yana kallona. Wannan kallon ya fi mini maganar ciwo. Na fita na rasa inda zan nufa, na zauna a tasha har motoci suka yi ta cika suna tashi."

Malam Sada bai ɗago ba. Da ya so da sai ya ce mata yaron ƙarya yake, a wuce wurin. Amma ya san fuskokin da ba a koma an ɗauko ba, har yau wasu na zuwar masa in yana shema a gona shi kaɗai. Kuma Bushra ba yarinya ba ce, in ya yi mata daɗin baki za ta gane.

Ita ce ta sake ɗauko wasan.

"Kai da kake cika baki, ai an ce kuku ne kai a bariki. Wai tukunyar wake ce ta faɗo maka a gwiwa."

"Wa ya faɗa miki?"

"Hajiya."

"Kakarki kishi ke damun ta tun ranar da aka haife ki. Tukunya! A Laberiya ne, cikin gonar roba. An yi mana kwanton ɓauna ana ruwan sama, aka ce a janye. Ina juyawa na ji kamar an maka mini taɓarya a gwiwa, na faɗa cikin wani lambatu, ruwa har wuya. Ina jin takun takalman mutanenmu yana nisa, yana nisa, har ya ɓace. Na yi kalmar shahada na rufe ido."

Hannun Bushra ya tsaya a kan masarar.

"Wa ya koma ya ɗauko ka?"

"Wani ɓarawon kifi."

"Kai tsoho, da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake. Marcellinus sunansa, mutumin Inugu. Tun ranar da aka haɗa mu tanti ɗaya ba mu taɓa wuni ba mu yi faɗa ba. Ya sace mini kifin gwangwani, in ɓoye masa taba. Ya ce mini mai jan baki, in ce masa rumbu. Ina kwance cikin ruwan nan sai na ji ana zagina daga sama. ‘Sada, ragon banza, nan ka zo ka yi wanka?’ Na ɗauka mala'ikan mutuwa ne ya zo da Hausar 'yan kudu."

Dariya ta ƙwace mata ba ta shirya ba.

"Ya saɓa ni a baya kamar buhun taki. Ana harbi, yana gudu, yana mita. Wai tuwon dawa ya sa na yi nauyi, wai in muka isa sai na biya shi ƙugunsa. Na ce ya ajiye ni ya tsira. Ya ce in na mutu wa zai riƙa zagi? Ba jirgi, ba kiɗa. Da muka isa ma horo aka ba shi, don ba wanda ya ba shi izinin komawa."

"Tsaya. Shi ne mai kiran nan duk Sallah, ku yi ta ihu a waya har maƙwabta su leƙo?"

"Shi ne. Kira yake ya ji ko na mutu. Ya tsufa ya fi ni muni."

"Ba zai yiwu ba."

"Ke dai Allah ya shirye ki."

Yasmin ta motsa a baya, Bushra ta ɗan jijjiga ta. Wata motar masara ta wuce a titi, ta yi lodi har tana rangaji. Malam Sada ya bari ƙararta ta lafa.

"Ba zan ɓoye miki ba, Bushra. Akwai waɗanda ba a samu komawa ba. Ba don ba a so ba, wani lokacin hanyar ce ke rufewa. Uzoma bai yi ƙarya ba, ana rasa mutane wajen ceto. Shi ma ɗan acaɓan akwai abin da ya gani a duniya da ya sa ya faɗi haka. Inda ya kuskure, ya ɗauka daga ofis ake komawa. Wanda ke komawa shi ne wanda kuke cin kwano ɗaya, kuma shi ba ya tambayar ɗan wane ne kai. Shirun waya kuwa, inda suke sau da yawa ko sabis babu. Mu sai da kakarki ta yi noma ta girbe ba ta ji ɗuriyata ba."

Ta gyaɗa kai, tana kallon ƙasa.

"Yanzu faɗa mini. Shi wannan da ya ƙwace mini mata, yana da wanda suke zage-zage?"

"Abban Yasmin?" Ta ɗan yi tunani, sai fuskarta ta saki. "Akwai Abdulwaheed, mutumin Ilori. Duk abin da na aika shi ke cinyewa, ƙuli-ƙuli, yaji, komai. In muna waya sai ya fizge ya ce, ‘Amarya, mijinki munshari yake kamar injin niƙa, ki zo ki ɗauke abinki.’ Shi kuma ya ce masa mai cikin jarka. Rannan har na ce su daina, kada su ɓata."

"Kul! Kada ki sake ki raba su. Ranar da kika ji sun fara gaisawa da ladabi, ranar za ki zo mu damu tare. Sauran kuma na Allah ne, shi muke roƙo."

"Allah ya tsare su."

"Amin. Tashi ki kama mini jan zakaran can da ke kan danga."

"Me za a yi da shi?"

"Yankawa zan yi, ku yi dambu ke da Hajiya. In an samu mai komawa wajensu a ba shi ya kai."

Bushra ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Yau tsoho zai yi wa Abban Yasmin kyauta? Kai da ko ƙwai ba ka taɓa ba ni ba?"

"Wa ya ce nasa ne? Shi ko ƙashi kada a ba shi. Na Abdulwaheed ne."

"Na mai cikin jarkan?"

"Shi fa. Irinsu ake kiwo."

Ta miƙe tana gyara zani, ta nufi dangar, zakaran ya miƙa wuya yana kallon ta da ido ɗaya. Ta juyo.

"Shi ke nan, tsoho, yau ka ci. Na bar maka."

"Ai dole. Kuma ki zuba barkono da hannu biyu. Mutumin Ilori ne, in dambun bai sa shi hawaye ba, ba zai koma ya ɗauko kowa ba."

Dariyar da ta yi a wannan karon daga ciki ta fito, har ta tashi Yasmin daga barci, zakaran kuma ya tsallake danga ya yi cikin karan dawa, ta bi shi a guje tana kiran Hajiya ta tare mata ta baya.